Akwatin da Ba Shi da Mai Shi

Akwai wani akwati da ya yi lokacin sanyi guda cur a falona a Camberwell, wata unguwa a London, kuma har yau in na tuna shi sai na ja tsaki. Na ƙarfe ne, ruwan toka, tsayinsa ya kawo mini ƙugu. An zana masa kibiyoyi ta kowane gefe suna nuna sama, don kada wani ya kwantar da shi. A jikinsa akwai wata 'yar taga ta gilashi da ba ta fi bakin kofin shayi ba, a bayanta wasu ƙananan ƙwayoyi shuɗɗa. Maigidana ya ce muddin ƙwayoyin nan suna shuɗɗa, abin da ke ciki lafiyarsa ƙalau. Ranar da suka koma ruwan hoda kuwa, danshi ya shiga, sai dai a zubar. Gidan namu kuma irin tsofaffin gidajen unguwar ne, bango yana gumi kamar randa. Don haka kowace safiya, kafin in ɗora ruwan zafi, sai na durƙusa na leƙa tagar nan.

Maigidana ƙaramin hafsa ne a sojan sama. An turo shi wani ofis a Aldwych, aikinsu sayen kayan gyaran jirage su aika gida. Shekarun nan ne da man fetur ya sa mutanenmu suka daina taya kaya, sai dai su nuna da yatsa a naɗe musu. A cikin jiragen da aka sayo a lokacin akwai wani da ba ya jefa bam, ba ya ɗaukar fasinja. Aikinsa kallo kawai. Yana da wani ƙullutu a ƙarƙashin cikinsa, a ciki akwai na'urar da suke kira radar, wadda ke hango jirgin ruwa ko na sama tun yana nesa, ko da hadari ko da duhu. Mutumin da ke zama gaban allon wannan na'ura ƙanena ne, autan ɗakinmu.

A Ingila ya yi kwas ɗin aikin, kuma duk ƙarshen mako a gidana yake sauka ya cinye mini tuwo. Yaron da yana ƙarami sai an nemo masa takalminsa, wai shi ne zai riƙa gane wa ƙasa abin da ke tahowa. Na sha yi masa wannan tsiyar, shi kuma ko a jikinsa. Sai ya jawo faranti, ya ɗora cokali a tsakiya yana juya shi a hankali, ya barbaɗa gishiri a gefe, ya tara yarana yana nuna musu.

"Kin gani, Yaya, cokalin nan shi ne ke zagayawa. Duk ƙwayar gishirin da ya wuce ta kai, jirgi ne. Kafin Janar ya sani, ni na sani."

Ya koma gida ya yi 'yan watanni yana tashi, sai wani sashe na na'urar ya mutu. Jirgin kallo da ba ya gani ba shi da dalilin tashi, sai aka ajiye shi. A ƙa'idar aikinsu kuma, in mutum ya daɗe bai zauna gaban allon nan a sama ba, takardar shaidarsa ta mutu, sai an sake turo shi kwas. Ɗan malamin firamare irinsa kuwa ba a turo shi Ingila sau biyu. Madadin sashen da ya mutu shi ne a cikin akwatin falona. Siton da ofis ya kama haya a wani lungu bayan Old Kent Road yana yoyo, shi ya sa maigidana ya kawo shi gida. Wasu Turawa biyu suka hauro bene da shi suna lallaɓawa, kamar sun ɗauko mara lafiya.

Ba a maganar aika shi ta ruwa, don a lokacin jiragen ruwa sun yi layi a bakin tasha a gida, kaya sai ya yi wata da watanni a kan teku. Hanya ɗaya ce, jirgin dakon kaya na soja da ke zuwa jefi-jefi don ya kwashi irin waɗannan kayan gyara. Abin da ban sani ba sai da na gani, matan manya sukan san ranar zuwan jirgin nan tun kafin maigidana ya sani. Ana saura mako biyu wayarmu za ta fara ƙara, kowa da ɗan saƙonsa.

Ni ba na ƙin saƙo. Da saƙo muka rayu a London. Mutumin da ban taɓa gani ba ya taɓa ƙwanƙwasa mini ƙofa cikin ruwan sama da ƙullin kuka da daddawa daga Innarmu, ya hau bas biyu don ya kawo, ko zama bai yi ba. Kuma kowa ya san ba a ƙin karɓar saƙo. Ka ce jakarka ta cika, an gama da kai a dangi, za a yi ta faɗa har ranar sunan jikanka. Sai dai saƙon da na taso na sani abu ne da ake tusawa a lungun jaka. A shekarun nan saƙo ya yi ƙiba. Firji saƙo ne, gado mai madubi saƙo ne, kafet ɗin da sai ƙarti huɗu sun ɗaga saƙo ne. Akwai wanda ya aika da bahon wanka da masai ɗinsa, launinsu ɗaya, kuma da bakinsa ya kira su ɗan saƙo.

Ranar da za a yi lodi na ce ƙafata ƙafar akwatin nan. Na bar yara wurin maƙwabciya, na shiga bayan motar ofis na dafa shi da hannu, duk inda bas ya sha gabanmu direba ya taka birki sai gabana ya faɗi. A siton ake auna kaya, sannan manyan motoci su kai filin jirgi. Da muka shiga na ɗauka kasuwa ce ranar jajiberin salla. Kaya tsibi-tsibi har rufi, kuma kowane tsibi da mutum a tsaye a gefensa. Ga ɗalibai da kawunnansu suka aiko, ga direbobi, har da wani likita da nake ganin girmansa, yana riƙe da keken jarirai kamar an ba shi amana.

Wani saje yana kan sikeli yana aunawa. Can sai ya je gaban shugaban ofis, wanda kowa ke ce wa Oga, ya ƙame.

"Yallaɓai, mun yi overweight. Sai an rage."

Oga ya sa hannu a baya ya fara zagayawa. Duk tsibin da ya tsaya, sai mai gadinsa ya rusuna ya ce na Hajiya wance ne, ranka ya daɗe, ko na Alhaji wane. Oga ya gyaɗa kai, ya tambayi lafiyar mai kayan, ya wuce. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya iso kanmu.

"Wannan fa na waye?"

Maigidana ya sara masa. "Na jirgin leƙen nan ne, sir. Shi ne na radar ɗin da ake jira."

"Au, na gwamnati ne."

Wallahi na ga sauƙin da ya sauka a fuskar mutumin nan. Ya sami abu ɗaya a ɗakin da zai bari ba tare da wani ya ƙullace shi ba.

"A yi masa booking a next flight."

"Sir, jirgin yana ƙasa tun bara."

"To ai ba gudu zai yi ba."

Aka kwashe da dariya, har da likitan. Maigidana ya ce, "Yes sir." Ina tsaye ina kallo aka ɗaga bahon wankan nan aka sa a mota, aka bi shi da masai. Jirgi ne aka zuba wa mai, aka taso da shi tun daga gida saboda akwatin nan da irinsa, ga shi zai koma da masai.

Muka juyo gida da abinmu. Sai da aka sake hauro da akwatin aka ajiye shi a gurbinsa, na rufe ƙofa, na juyo kan maigidana.

"Yes sir? Iyakar abin da ke bakinka ke nan?"

"Me kike so in ce? In ce a sauke firjin matar wanda ke sa hannu a promotion ɗina?"

"Ka ce na ƙanen matarka ne mana!"

"Ai ba nasa ba ne. Na ƙasa ne."

Ya faɗi gaskiya, kuma gaskiyar ce ta fi ba ni haushi. Duk abin da ke cikin siton nan yana da mai shi, mai fuska, mai dangi, wanda za a haɗu da shi a ɗaurin aure a ji kunya. Akwatina kaɗai ne ba wanda zai ji kunyar kowa a kansa.

Jirgi na gaba an yi ta ɗaga ranarsa. Da ya zo ban je ba, amma da la'asar na ji takun Turawan nan a bene, na san an sake dawo da akwatin. Yarana har sun saba da shi, suna ɗora littattafansu a kai ina kora su. Ni kuwa kullum ina durƙushe gaban tagar, na matsar da hitar ɗumama ɗaki kusa da shi, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ƙwayoyin suna nan shuɗɗa.

Ƙanena yakan samu ya bugo waya wani lokaci, layin yana shuu kamar ana suya. Ba ya ƙorafi. Ya ce kullum da safe yana shiga jirgin ya goge allon, makanikai kuma su tayar da inji don kada ya yi tsatsa, sannan kowa ya nemi inuwa.

"Yaya, in damina ta wuce ban tashi ba, shi ke nan fa. Ki ɗan ƙara yi wa Yallaɓai magana."

Yana nufin maigidana. Na ce to, don ban san yadda zan gaya masa cewa Yallaɓan nasa ya riga ya ce yes sir ba.

Da sanyi ya yi sauƙi sai ga Hajiya. Matar wani babban hafsa ce a gida, wanda ko Oga sai ya miƙe in ya ji muryarsa a waya. Suna da gida a London inda yaransu ke karatu. Ta zo haɗa kayan ɗakin 'yarta da ta gama jami'a za ta yi aure, gidan nata ya cika, aka ce mata muna da wurin ajiya. Ta hauro bene tana haki tana dariya, turarenta ya riga ta shigowa. Ba zan yi mata ƙarya ba, mace ce mai fara'a da kyauta, ta kawo wa yarana alewa cike da jaka. Da muguwa ce da abin ya fi mini sauƙin haɗiya.

Na kawo mata shayi, ta kurɓa, ta waiga ta ɗora kofin a kan akwatin. Na yi wuf na ɗauke.

"Ikon Allah. Wannan wace irin firji ce da ba a taɓawa?"

Ban yi niyya ba, amma sai na ji bakina ya buɗe. Na gaya mata komai, jirgin, da ƙanena, da damina, da bahon wanka. Ina yi hawaye suna zuba, kuma na takaici ne. Ta tafa hannu tana salati.

"Haba 'yar nan! To me ya sa tun farko ba ki ce naki ba ne? Ai da an ce saƙonki ne da tuni ya tafi. Wa zai bar saƙon mutum a ƙasa? Nemo zani ki rufe shi, a sa shi cikin nawa. In ga wanda zai taɓa."

Sai ga ni a durƙushe a kan kafet ɗina ina cewa na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma, Allah ya sanya alheri a bikin. Kayan gwamnati, za a sa shi a jirgin gwamnati, a kai wa jirgin gwamnati, kuma ni ce nake godiya an yi masa alfarma an ɓoye shi cikin tukwanen amarya. Ita kuma har zuciyarta ta yi aikin lada. Da ta tafi na daɗe a kicin ina wanke kofin nan, ina jin ƙyamar mu duka.

Maigidana ya yi ta gunaguni a kan takardu da ƙa'ida, amma bai kawo wata hanyar ba. Na ɗauko atamfata koriya mai zanen ganye, wadda ƙanena ya sani sarai don ita nake ɗaurawa in ina tuƙa masa tuwo. Na naɗe akwatin da ita na ɗinke, na yanke 'yar ƙofa daidai tagar don a riƙa ganin ƙwayoyin, na zana kibiya da alli ta kowane gefe. Ranar lodi aka ce na Hajiya ne. Ko sikeli ba a ɗora shi ba, shi aka fara sawa a mota. Muka aika wa ƙanena cewa ya duba koren zani.

Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji, bayan an daɗe. Yana filin jirgi lokacin da aka sauke kaya, kuma tun daga nesa ya gane zanin. Amma kayan Hajiya ba sa taɓa ƙasa, daga cikin jirgi sai cikin motar da aka turo daga gidanta. Ya matsa ya ce wannan nasu ne, na aiki ne. Waɗanda aka aiko suka dube shi sama da ƙasa suka ce kayan amarya ne. Ƙaramin hafsa ba ya sa hannu a motar matar ubangidansa ya zare kaya a gaban jama'a. Ya hau babur ya bi motar har gida.

Hajiya kuwa tana nan London ba ta gama sayayya ba. A gidan, gwaggonnin amarya ne ke riƙe da mukullai, suka ce ko allura ba za ta fita ba sai ranar jere, kada a ce wani abu ya ɓata a hannunsu. Aka yi waya, Hajiya ta ce a yi haƙuri ta dawo tukuna, ai abin yana gida, ya fi tsaro. Sannan aka ɗaga bikin don sauran kaya ba su iso ba. Ɗakuna sun cika, sai aka jera masu nauyi a ƙarƙashin rumfa a tsakar gida. Akwatina aka kwantar da shi a gefe don ya fi daɗin ɗora manyan tukwane, damina kuma ta sauka sosai a shekarar. Ƙanena ya yi ta zarya. Yakan zauna a benci a ƙofar gida tare da direbobi, a aiko masa da abinci a kwano mai murfi, a ce ya gaida mutanen gida.

Bayan biki aka aika ya zo ya ɗauki kayansa. Suka ce sun ma buɗe sun duba, sun ga ba na kicin ba ne, suka mayar suka rufe. Ya durƙusa ya leƙa 'yar ƙofar da na yanka. Ƙwayoyin sun koma ruwan hoda.

Shekara ta zagayo, wata ranar Asabar da hantsi aka ƙwanƙwasa mini ƙofa a Camberwell. Na buɗe na ga ƙanena, ya yi kumatu, ya sa kwat mai kyau. An mayar da shi ɓangaren jirgin dakon kaya, shi ke rako shi. Wai an ga ya san London, ga ladabi, ga shi manyan gidaje sun riga sun san fuskarsa. Ya miƙo mini ƙulli daga Inna, kuka da daddawa da yaji. A cikin koren zanina aka ƙullo su. Inna ta wanke shi ta goge, ta yi wa 'yar ƙofar nan faci da wani ƙyalle.

A kan tuwo ya ba ni labarin rumfar da tukwanen, yana yi yana dariya, yana kwaikwayon muryar gwaggonnin. Ni ban yi dariya ba. Na tambaye shi jirgin fa. Ya ce yana nan, tayoyin sun sace, an daina tayar da injin, amma inuwar fiffikensa tana da daɗin sallar azahar. Yarana suka kawo masa faranti da cokali da gishiri, suna tsalle.

"Uncle, do the ships!"

Ya dubi farantin, ya shafa kan ƙaramin ya ce ya manta yadda ake yi. Ya wanke hannu, ya duba agogo, ya gyara zaman kwat ɗinsa.

"Yaya, a ina ake samun kafet mai laushi, ja? Hajiya ce ta ba ni ɗan saƙo."

Na tsaya da zanin a hannuna ina kallonsa, shi kuma yana jira. Sai na gaya masa bas ɗin da zai hau.